Kwaɗi a Baho: Abin da 'Ya'yanmu Suka Koya a Tsakar Gida

Jawabin kwamitin karatun yara a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

 

Hajiya shugaba, uwar ƙungiya, sakatariya da ma'aji, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu 'yan ƙungiya, masu gidajenmu da suka ba mu izini muka fito, da 'ya'yanmu da ke zaune can baya suna jiran a raba lemo, muna yi wa kowa barka da zuwa, barka da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana.

Ma'aji ta riga ta karanta mana lissafin shekara. Mun ji abin da ya shigo ta wajen ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mun ji abin da ya fita rance da abin da ya dawo. Mu kuwa da maganar kwaɗo muka zo. Tun kafin wata ta fara haɗiyar yawu, ba kwaɗon zogale ba ne, ba kuma wanda ake kulle shago da shi ba. Wancan da ya hana ku barci a daminar bana, shi muke nufi.

Sababbin shiga ba su san yadda karatun gida ya faro a ƙungiyar nan ba, bari mu ɗan koma baya. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, yara suka zauna a gida wata shida har da ɗoriya. A lokacin ne muka fara tara 'ya'yan 'yan ƙungiya gida-gida, mai ɗan boko ta koya musu karatu da lissafi, mai allo ta biya musu. Da aka buɗe makarantu wasu yaran suka koma, wasu ba su koma ba. Wani kuɗin makaranta ne ya gagara, wata nisa ne da tsoron hanya, wani kuma uban ya rasu. Hukumar UNICEF ta daɗe tana cewa yara fiye da miliyan 10 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Mu ba sai an ba mu labari ba, mun san sunayen wasu daga cikinsu, a cikinmu suka kwanta. Shi ya sa ba mu rufe karatun gida ba. Yau yaranmu kashi biyu ne: waɗanda duk bokonsu a tsakar gidajenmu suke samu, da waɗanda ke zuwa idan an yi hutu.

Baƙi da wasali mun iya koyarwa, tarawa da ɗebewa ma haka. Kimiyya ce ta tsaya mana a wuya, don ba mu da ɗakin gwaji, ba mu da littattafai masu hotuna. Sai muka zauna muka ce, to me Allah Ya hore mana wanda ba sai an saya ba? Dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa, daidai lokacin da kwaɗi ke cika unguwa da kuka. Yaran da kansu suka kawo tambayar: duk rani ba a jin ɗuriyar kwaɗi, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai dare ya ɗauka, daga ina suke fitowa? Wani ya ce daga sama suke faɗowa tare da ruwa. Wata ta ce laka ce ke rikiɗa ta zama kwaɗo. Ba mu ƙaryata kowa ba. Muka ce gani ya kori ji, a rubuta amsar kowa a ajiye, mu kawo abin gida mu zuba masa ido.

Abu na farko da muka kafa, kuma muna roƙon kowace uwa ta riƙe shi ko da ta manta sauran: yaro ba ya zuwa kududdufi ɗebo komai. Babba ne ke zuwa, uba ko ƙanen uba ko wata daga cikinmu, da ludayi mai dogon hannu da bokiti, ya tsaya a baki ba tare da ya sa ƙafa a ruwa ba. Dalili biyu ne. Kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini suna da rami a inda ido ba ya gani, kuma babu daminar da za ta wuce ba a ji an rasa yaro a cikin irinsu ba. Na biyu shi ne tsargiya. Ƙwayar cutar a jikin ƙananan dodon koɗi take girma a ruwan da ke kwance, ta fito cikin ruwan, ta huda fatar wanda ya shiga, bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini. Akwai masu cewa alamar balaga ce ga ɗa namiji. Cuta ce, tana da magani a asibiti, kuma idan aka bar ta tana lalata mafitsara. Mafi sauƙi ma shi ne a duba ƙananan wuraren da ruwan sama ya taru a gefen gona ko bayan gida, don kwaɗi sun fi son irinsu wajen zuba ƙwai.

Ƙwan ba shi da wuyar ganewa idan an san abin da ake nema. Na kwaɗon nan mai kaushin baya, wanda ke laɓewa ƙarƙashin randa, jere yake cikin dogon zare mai yauƙi kamar na kuɓewa, baƙaƙe ƙanana, kai ka ce carbi ne aka warware cikin ruwa. Wasu irin kuma a warwatse suke zuba nasu bisa ruwa. Mace ɗaya tana iya zuba dubbai a dare guda. Mu ɗan guntu muke ɗauka, abin da ba zai wuce tsawon yatsa ba, a bar sauran inda aka same su.

Sai wurin zama. Baho muke amfani da shi ko babbar roba mai faɗi, wadda ba a taɓa wanki ko jiƙa kaya da Omo a ciki ba, ba a taɓa zuba kananzir ko maganin ƙwari ba. Ruwan sama da aka tara ya fi kowane ruwa. Idan na famfo ne, sai an bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu, maganin da ake zuba masa ya fice, in ba haka ba kashe su zai yi. Tsawon ruwan kamar tafin hannu ya isa. A jefa ɗan dutse mai gansakuka a ciki, a ajiye bahon a inuwa, don ranar tsaka tana iya dafa su a cikin ruwa kaɗan irin wannan. Kada a cika su da yawa, goma zuwa sha biyar a baho ɗaya sun wadatar. Duk bayan kwana biyu ko uku a kwashe kamar kashi ɗaya cikin uku na ruwan a zuba sabo.

Akwai maganar da ake yi cewa 'ya'yan kwaɗi suna cinye tsutsar sauro, saboda haka babu damuwa. A yi hattara da wannan. Mafi yawansu gansakuka da ruɓaɓɓen ganye suke ci, ba ruwansu da tsutsar sauro. Sauro kuwa kwana bakwai zuwa goma ya ishe shi daga ƙwai ya tashi sama, kuma lokacin ne zazzaɓi ya fi kwantar da yara. Don haka kowane baho sai an ɗaure bakinsa da guntun tsohon gidan sauro, kuma kullum da safe yaro mai aikin ranar ya duba, idan ya ga ƙananan tsutsotsi masu mutsu-mutsu a saman ruwa ya kwashe su da rariya ya zubar a busasshiyar ƙasa. Kun ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, don yaran da suka gane tsutsar sauro a baho, su ne yanzu ke bi suna kife tsofaffin gwangwanaye da tayoyi a gidajenmu ba tare da an sa su ba.

Cikin kwana biyu ko uku ƙwan yake ƙyanƙyashewa. Abin da ke fitowa, wanda wasunmu ke kira talibambam, ba shi da kama da kwaɗo ko kaɗan: kai ne da wutsiya kawai, ba hannu ba ƙafa, yana numfashi a cikin ruwa irin na kifi. Abincinsa ganyen alayyahu ko latas da aka tafasa ya yi laushi ya huce, ɗan kaɗan, ba gishiri ba mai. Abin da suka rage a kwashe kafin ya ɓata ruwa. Idan aka ga wani ya fi sauran girma da sauri kuma 'yan uwansa na raguwa, to a raba shi da su, don 'ya'yan bududdugi, babban kwaɗon nan na tafki, nama suke ci, har ƙananan 'yan uwansu ba su bari ba.

Daga nan ne karatun gaske ya fara. Kowane yaro da littafinsa. Kullum zai rubuta kwanan wata, ya ƙirga nawa ne a bahon, ya zana abin da ya gani. Sau biyu a mako a ɗebo ɗaya a farin murfi da ɗan ruwa, a ɗora rula a gefe a auna tsawonsa, a mayar da shi. Wanda ya fi sabawa da ajami ya rubuta da ajami, sannan a taimaka masa ya juya shi zuwa boko. Yarinyar da ke kuka idan an ce ta ɗebe uku daga sha biyar a kan allo, da ta ga saura sha biyu a baho, ita ta fara faɗin nawa suka ɓace. Ga lissafi, ga rubutu, ga zane, ga haƙurin jira, duk a cikin roba ɗaya.

Bayan 'yan makonni, gwargwadon iri da ɗumin ruwa, sai ƙafafun baya su ɓullo a gindin wutsiya, ƙanana kamar tsinke. Na gaba suna girma ne a ɓoye ƙarƙashin fata, rana ɗaya a wayi gari sun faso waje. A wannan lokacin huhu ya kama aiki, dabbar tana yawan hawowa sama shaƙar iska. Dole a rage ruwan, a sa dutse ko guntun katako da za ta hau, domin wadda jiya kifi ce yau tana iya nutsewa ta mutu a ruwan da aka haife ta. Za a ga ta daina cin abinci, kada a damu. Bakinta ne ke faɗaɗa, dogon hanjinta na cin ganye yana gajarcewa ya koma na cin ƙwari, kuma a 'yan kwanakin nan wutsiyarta ce abincinta. Yaran sun yi ta laluben gindin baho suna neman wutsiyar da ta yanke ta faɗi, ba su samu ba. Jikin ne ke shanye ta a hankali har ta ƙare, rula kuma ta nuna musu haka a rubuce, yau ta fi gobe tsawo.

Wani babban yaro ya tambaya, me ke gaya wa jikin cewa lokaci ya yi? Amsar ta shafi tukunyar kowace mace a nan. A wuyan talibambam akwai wani ɗan ƙullutu irin wanda muke da shi a namu wuyan, wanda idan ya kumbura muke kira maƙoƙo. Ruwan da yake fitarwa cikin jini shi ke ba da umarnin sauyawa. A 1912 wani mai bincike a Turai, Gudernatsch, ya ciyar da 'ya'yan kwaɗi naman wannan ƙullutu na doki, sai suka rikiɗa tun kafin lokacinsu, suka zama kwaɗi 'yan mitsi-mitsi. Ƙullutun nan ba ya aiki sai da sinadarin aidin, a jikin kwaɗo da a jikin mutum. Rashinsa ne ke kawo maƙoƙo, kuma idan mai ciki ta rasa shi yana taɓa ƙwaƙwalwar abin da ke cikinta. Wannan ne dalilin da ake sa shi a gishirin leda, ake kuma cewa a rufe gishiri kada a bar shi a rana ko kusa da murhu. Tun ranar yaran nan suke duba ledar gishirin iyayensu. Amma fa kada wata ta ce za ta zuba gishiri a baho don su yi saurin girma, kashe su zai yi.

Da wutsiya ta ƙare, sai sallama. Ɗan kwaɗo ƙwari masu rai yake ci, ƙanana ƙwarai, ba za mu iya ciyar da shi ba. Da yamma, in rana ta yi sanyi, babban da ya ɗebo su zai mayar da su inda ya samo su, yara na tsaye nesa da ruwa suna kallo. Ba duka ke kaiwa wannan rana ba, wasu kan mutu a hanya, ko a daji ma kaɗan ne ke tsira cikin dubban nan. Mun yi amfani da wannan muka yi musu maganar amana. Malamar Islamiyyarmu ta ba su labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Ta kuma gaya musu cewa Abu Dawuda ya ruwaito wani mai magani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo a cikin magani, sai ya hana shi kashe shi. Ta buɗe musu Suratul A'araf aya ta 133, inda aka ambaci kwaɗi cikin ayoyin da aka aika wa mutanen Fir'auna. Yaran da a da wasansu shi ne jifan kwaɗi da dutse, yanzu su ke hana na unguwa.

Tambayar farko fa, ta daga ina suke fitowa? Yaran suka koma ga amsoshin da suka rubuta, suka yi ta dariya. Ƙanana daga ƙwai suke, sun gani da idonsu. Manyan kuwa ba su je ko'ina ba. Da rani suna binne ne a cikin ƙasa mai danshi, ko a ramuka, ko ƙarƙashin randa da bayan makewayi, jikinsu ya yi lakwas, suna jiran ruwa. Kukan da muke ji na maza ne kawai, suna kumbura maƙogwaro suna kiran mata, kuma kowane iri da muryarsa. Mun sa yara su kasa kunne bayan isha'i su ƙirga murya iri nawa suke ji. Sun kuma koyi cewa kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fatar cikinsa yake tsotsa, kuma yana numfashi ta fata. Shi ya sa ba a taɓa shi da hannu mai sabulu ko mai ko turare, shi ya sa kuma fiya-fiya da maganin feshin gona ke gamawa da shi da wuri. Duk mai wanke tankin feshi a bakin tafki ya sani yana kashe masu cinye masa ƙwari ne a kyauta.

Mun san akwai masu ƙyama a cikinmu, ba mu ga laifinsu ba. Wata ta ce ƙazanta ce. Malamarmu ta ce a mazhabar Malikiyya duk abu mai rai tsarkakakke ne, amma tsarki daban, tsafta daban: duk wanda ya taɓa ruwan baho sai ya wanke hannu da sabulu, bahon ba ya kusantar madafa ko kwanukan abinci, kuma yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kallo kawai zai yi. Wata ta ce kwaɗo na da dafi. Mai kaushin bayan nan yana da kumburi biyu a bayan idanu da ke fitar da farin ruwa idan an matsa masa, yana da zafi a ido da baki, don haka ba a matsa shi, ba a kuma shafa ido kafin a wanke hannu. Wata ta ce yana jawo maciji. Gaskiya ne maciji na cin kwaɗi, shi ya sa muke rufe baho, kuma ba ma barin ko ɗaya ya girma a gida.

Ga 'yan abubuwa na nishaɗi da yaran suka ce lallai sai mun gaya wa iyayensu. Irin kwaɗi a duniya sun haura 7,000. Wanda ya fi kowane girma a maƙwabciyarmu Kamaru yake, tsawon jikinsa na kaiwa santimita 32, nauyinsa ya wuce kilo 3, wato kamar jaririn da aka haifa yau. Kwaɗo idan zai haɗiye abinci sai ya runtse, domin idanunsa na nutsewa ciki su taimaka wajen tura lomar. Wannan kuma namu ne mu mata: daga shekarun 1930 har zuwa na 1960, da wani kwaɗon Afirka ta Kudu likitocin Turai ke gwajin ciki. A yi wa macen kwaɗon allurar fitsarin mace, idan ta zuba ƙwai kafin kwana ɗaya, to a fara tanadin goyo. Sai mara daɗi: wani babban bincike da aka fitar a 2023 ya nuna kusan kashi 41 cikin 100 na dangin kwaɗi a duniya suna fuskantar barazanar ƙarewa.

To, 'yan uwa, ga inda maganar ta dosa. Kun ji shawarar da aka kawo cewa tunda an daɗe da buɗe makarantu, a mayar da ɗan kason da ake ware wa karatun yara cikin asusun rance. Masu wannan shawara suna da hujja, don layin masu jiran jari yana da tsawo, kuma kowa ta san yadda kayan masarufi suka yi tsada. Abin da muke roƙo a auna kafin a ɗaga hannu shi ne, idan aka rufe karatun gida, yaran da ke zuwa lokacin hutu za su koma ajinsu, amma waɗanda ba su da wani aji sai namu za su koma talla ne da zaman banza, kuma mafi yawansu mata ne. Duk abin da muka ba ku labari yanzu, kuɗinsa bai wuce na baho da littafin rubutu da fensir da rula ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Buƙatunmu uku ne. A bar mana kason nan, ko da taro zai rage shi zuwa abin da ya ga ya dace. A samu ƙarin gidaje da za su karɓi yara sau biyu a mako, kuma kada wata ta ce ita ba ta yi boko ba, wadda ta iya kiwon kaji ta raini 'ya'ya ta iya wannan, za mu haɗa ta da mai rubutu. Masu gidajenmu kuma, muna neman waɗanda za su ɗauki nauyin ɗebo ƙwai da mayarwa idan damina ta kewayo. Kafin nan ba za mu zauna ba. Da sanyi za mu shuka wake a gwangwani a auna tsironsa, sannan a sa wa kaza ƙwai yara su ƙirga kwana 21 da kansu.

Littattafan yaran suna kan tabarmar da ke bakin ƙofa. Kafin ku tafi ku tsaya ku buɗe, ku sa mai littafin ya yi muku bayani da bakinsa, ku yaba masa.

Muna godiya ga matan da suka buɗe mana gidajensu, da mazan da suka tsaya a bakin ruwa saboda 'ya'yan wasu. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya kare su daga ruwa da cuta. Allah Ya jiƙan 'yan ƙungiya da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka da haɗin kai, Ya kai mu baɗi lafiya.